Allurar da Nake Yi wa Kaina

Ranar da Umma ta fara ganina riƙe da sirinji, ina zaune a bakin gado na yaye zane daga cinyata, salati ta saka ta juya ta fita. Sai da na gama ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ke 'yar nan, aikin jaridar ne ya koma na asibiti? Kin manta da Kawunku?"

Ban manta ba. Ƙaninta ne, kuma yana ɗan shekara shida aka yi masa allurar zazzaɓi a ɗuwawu a wani ɗakin shan magani. Tun daga ranar ƙafarsa ta dama ba ta ƙara ɗaguwa daidai ba, har yau jan ta yake yi. Saboda haka tsoron Umma yana da tushe, kuma ban yi mata musu ba. Na ce, "Umma, ki zauna in nuna miki inda nake yi da dalilin da ya sa ba can nake yi ba." Ba ta zauna ba a ranar. Wannan rubutu shi ne bayanin da na so in yi mata, tare da abin da na ƙara koya tun daga lokacin.

Abin ya faro ne daga tafin ƙafa. In na kwanta da dare sai in ji kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata, wani lokaci kuma yatsun su sage kamar na daɗe zaune a kansu. Na ɗora laifin a kan takalmi, daga baya a kan yawan tsayuwa a wuraren taron manema labarai. Sai gajiya ta biyo baya, irin wadda barci ba ya kawar da ita. Harshena ya yi sumul, ya yi ja, yaji kaɗan sai ya ƙone ni. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kalmomi. Ina tsakiyar hira da mutum sai sunan da na sani sarai ya ɓace mini, in tsaya ina kame-kame. Ga wadda da kalma take cin abinci, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne, kuma ban gaya wa kowa a ofis ba.

Na bi hanyar da kusan kowa yake bi. An yi mini maganin maleriya sau biyu, na taifod sau ɗaya. A kyamis aka ba ni maganin ƙarin jini na kwalba, mai zaƙi, na sha har kwalba uku. Na ɗan ji ƙarfi, amma ƙafa ta ci gaba da abinta, har wata rana da asuba, an ɗauke wuta, na tashi alwala na ji ban san inda nake taka ƙafata ba sai na dafa bango. A makon ne na je wurin likitan da ya sa aka ɗebi jinina kafin ya rubuta komai. Ya dubi takardar ya ce jajayen ƙwayoyin jinina sun fi girman da ya kamata, ya sake tura ni gwajin bitamin B12. Ya fito ƙasa ƙwarai. Gwaji na gaba ya nuna dalili.

Da farko ban yarda ba. B12 a nama yake, da hanta, da kifi, da ƙwai, da madara, ni kuwa ban rasa ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da babban mutum yake buƙata a rana bai wuce maikurogiram 2.4 ba, abin da ko ido ba zai gani ba. Likitan ya ce matsalar ba a kwanon abincina take ba, a tumbina take. Bangon tumbi yana fitar da wani sinadari da aikinsa shi ne ya riƙe B12 ya raka shi har ƙarshen ƙaramin hanji, inda jiki yake tsotse shi. Ni na saba kiransa ɗan rakiya. A jikina, garkuwar da ya kamata ta kare ni ta juya ta far wa ƙwayoyin da suke yin ɗan rakiyan. Ko rago guda na cinye, abin da zai shiga jinina bai taka kara ya karya ba. Hanta kuwa tana ajiye B12 da zai ishi mutum shekaru, shi ya sa ciwon yake shigowa a sace: rumbu ne yake ƙarewa sannu a hankali, mai gida bai sani ba.

Aiki biyu wannan bitamin yake yi da ake ganin rashinsu. Ɓargo yana buƙatarsa wajen ƙera ƙwayoyin jini. Jijiyoyi kuma suna buƙatarsa wajen kula da rigar da ta lulluɓe su, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. In rigar ta fara zaizayewa, saƙo ya daina tafiya daidai tsakanin ƙafa da laka da ƙwaƙwalwa. A nan ne maganin ƙarin jinin da na sha ya cuce ni ba tare da kowa ya yi niyya ba. Yawancin irin waɗannan magunguna suna ɗauke da folik asid, shi kuwa yana iya gyara hoton jini ya rufe alamar ƙarancin B12, alhali jijiya tana ci gaba da lalacewa. Jini yana dawowa cikin makonni in an fara magani. Jijiyar da ta daɗe a lalace ba lallai ta dawo duka ba.

Sunan da likitocin Turai suka ba ciwon ma'anarsa ƙarancin jini mai halakarwa, domin kafin 1926 duk wanda ya kamu da shi mutuwa yake yi. A shekarar ne George Minot da William Murphy, a Boston ta Amurka, suka ba da rahoton majinyata 45 da suka ɗora a kan cin hanta mai yawa, har kusan rubu'in kilo a kullum, ɗanya ko wadda wuta ta ɗan taɓa, suka kuma farfaɗo. Sun sami kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple. Shi kansa Minot ciwon suga gare shi, kuma insulin da aka gano 'yan shekaru kafin nan ne ya raya shi har ya yi wannan aiki. William Castle, wanda ya gano ɗan rakiya, hanyarsa ta fi ban ƙyama: yakan ci naman sa, ya bari ya jima a cikinsa, ya dawo da shi, a zura wa majinyata ta bututu. Sai a 1948 aka ware bitamin ɗin kansa, jajayen ƙwayoyi masu ɗauke da ƙarfen kobal, daga baya Dorothy Hodgkin, wadda aka haifa a Alƙahira, ta gano fasalin gininsa. Duk lokacin da na ɗaga 'yar kwalbar nan ja mai cin mililita ɗaya, nakan tuna da rubu'in kilon hantar, in gode wa Allah da zamanin da na zo.

Ba kowane mai ƙarancin B12 ne yake buƙatar allura ba, kuma wannan ya kamata a faɗe shi da wuri. Wanda rashin cin nama da madara ya jawo masa, ƙwaya da gyaran abinci kan wadatar. Masu ciwon suga da suka daɗe a kan metfomin, da masu gyambon ciki da suka shekara suna shan omefirazol, suna iya samun ƙarancin, kuma likita ne zai duba ya zaɓa musu hanya. Ko a irin nawa, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙwaya mai ƙarfi yana ratsa hanji ba tare da ɗan rakiya ba, shi ya sa wasu likitoci suke ba da ƙwaya mai maikurogiram 1,000 ko 2,000 kullum. Ni dai tunda abin ya riga ya taɓa jijiya, allura aka zaɓa mini: miligiram ɗaya na haidiroksokobalamin, kwana ɗaya a yi kwana ɗaya a tsallake har alamun suka daina raguwa, sannan sau ɗaya duk wata biyu, har ƙarshen rayuwa. Akwai wani nau'in, sayanokobalamin, wanda aka fi yi duk wata. Wanda bai yi gwaji ba kada ya fara ko ɗaya, domin allura guda tana cika jini da bitamin ɗin, gwajin da za a yi bayanta ya fito lafiya lau, a rasa gane ainihin ciwon.

Alluran farko duka a asibiti aka yi mini, kuma haka ya dace. Akwai 'yan tsiraru da jikinsu yake ƙin maganin nan take, numfashi ya sarƙe, fuska ta kumbura, kuma wannan ba abin da za a tara a ɗakin kwana ba ne. Maganar yi a gida ta taso ne bayan wata takwas, lokacin da aiki ya tura ni wani gari na mako uku ranar allurata ta faɗo a ciki. Na tambayi likitan, ya ce masu ciwon suga kullum suna yi wa kansu insulin, kuma tuni aka amince mata su riƙa yi wa kansu allurar tazarar haihuwa ta ƙarƙashin fata a Najeriya da Nijar. Bambancin shi ne tawa cikin tsoka take shiga. Ya haɗa ni da wata ma'aikaciyar jinya da ta kusa ritaya, ya ce ba zai sa hannu ba sai ita ta ce na iya.

Sau uku na yi a gabanta. A karon farko na riƙe sirinjin sama da cinyata na fi minti biyar, hannuna yana rawa.

"Sista, ba zan iya ba."

"Malama, ba sauri muke ba. Saki ƙafar tukuna. Tsokar da aka ɗaure ita ce take zafi."

Ita ce ta warware mini abin da ya sami Kawu. Babbar jijiyar da take sauka daga ƙugu zuwa ƙafa ta cikin ɗuwawu take ratsawa, kuma in allura ta same ta, ko magani ya taru a gefenta, ƙafa tana iya shanyewa. Ƙwararru suna da yadda suke auna wurin, amma mutum ba ya ganin bayansa, saboda haka mai yi wa kansa ba shi da abin nema a can. Cinya ce wurinsa. Ta sa na ɗora tafin hannu ɗaya a saman gwiwa, ɗaya a ƙasan makwancin cinya. Filin da ya rage a tsakani, ta gefen waje, shi ne wurin. Tsoka ce mai kauri, nesa da manyan jijiyoyi da manyan hanyoyin jini. Gefen ciki na cinya kuwa ta ce ko da wasa.

Sauran aikin tsabta ce da natsuwa. Ina wanke hannu da sabulu har tsakanin yatsu, in shimfiɗa kayan a kan faranti mai tsabta. Ina karanta sunan maganin da ƙarfinsa da ranar ƙarewarsa duk lokacin, ko da daga kwali ɗaya na ɗauko, in ɗaga kwalbar ga haske in tabbatar ruwan ja ne garau babu gurɓata. Ina ɗan ƙwanƙwasa kanta da farce ruwan da ya maƙale a wuya ya sauka, in naɗe wuyan da auduga ko bandeji, in karya shi ta gefen da ba ya fuskantata. Na taɓa karyawa da hannu tsirara, tabon yana nan a babban yatsana. Allura biyu nake amfani da su, dukansu sababbi a cikin ledarsu: mai koren gindi don zuƙo maganin, sai in cire ta in sa mai shuɗin gindi, wadda ta fi siriri, don shiga jiki. Wadda ta goga gindin kwalba bakinta ya dakushe. Tsawon allurar ma'aikaciyar jinyar ce ta zaɓa mini bayan ta dubi jikina, domin na mai ƙiba da na siriri ba ɗaya ba ne. Ina ɗaga sirinjin sama, in tattara kumfar iska, in tura ta waje har ɗigo ɗaya ya leƙo. Ina goge fatar da sifirit in jira ta bushe da kanta, ba hurawa da baki. Sannan in soka a miƙe, ba a karkace ba, da motsi ɗaya, in tura ruwan a hankali ina ƙirga goma. In na zare sai in danne da busasshiyar auduga, ba murzawa. Wannan karon dama, karo na gaba hagu, kuma ina rubuta rana da gefen da lambar kwalin a wani ƙaramin littafi da nake kai wa likita.

Karanta wannan bai isa ya koya wa kowa ba, kamar yadda karanta littafin tuƙi ba ya sa a ba mutum mota. Na rubuta shi ne don wanda likitansa ya amince masa ya san irin tambayoyin da zai yi, ya kuma gane in an tsallake masa wani abu. Ciwon da yake wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ɗan ɗigon jini, ba komai ba ne. Amma in wurin ya kumbura ya yi zafi ya yi tauri, ja yana faɗaɗa, ko zazzaɓi ya biyo baya, ƙurji ne yake haɗuwa kuma asibiti za a nufa. In kuwa borin jini ya feso, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ba a jiran gari ya waye. Shi ya sa har yau ba na yin allurar in ni kaɗai ce a gida.

Sayen maganin ya fi sokawar wahala. Abin da za a fara miƙo maka a shaguna da yawa in ka ce allurar bitamin shi ne ruwan rawaya na haɗakar bitamin B, wanda sau da yawa babu B12 a cikinsa sam. Akwai kuma haɗin B1 da B6 da B12, shi kuwa B6 in ya yi yawa aka daɗe a kansa yana jawo irin sagewar ƙafar da ake gudu. Ni a kantin magani mai rajista nake saya, da takardar likita, in duba lambar NAFDAC, in adana kwalin. Haske yana lalata B12, zafi ma ba abokinsa ba ne, kuma kwalina ya ce a ajiye shi ƙasa da digiri 25. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura 40, wannan umarni kamar ba'a ne. Kaɗan nake saya, in ajiye a cikin kwalinsa a ɗakin da ya fi sanyi, ba na kuma barinsa a mota ko cikin jakar da za ta sha rana.

Sai batun allurar da aka gama da ita, wanda ban taɓa jin an yi wa kowa bayaninsa a kyamis ba. Sharar gidanmu yaro ne yake kwashewa, a bola kuma 'yan jari-bola ne suke tona ta da hannu. Ina da wata jarka mai kauri mai murfi, da na rubuta gargaɗi a jikinta na ajiye inda yara ba sa kaiwa. Da na zare allura, ciki take faɗawa, ba na ƙoƙarin mayar mata da hularta, domin a nan ne mutane suke soke kansu. Kafin jarkar ta cika nakan rufe ta in kai asibiti su haɗa da nasu su ƙone. Ba tsoro ne na banza ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana yin allura kusan biliyan 16 a shekara, kuma a 2010 kaɗai alluran da ba su da tsabta sun sa wa mutanen da suka kai miliyan 1.7 ciwon hanta nau'in B. A shekarun baya Masar ta daɗe tana fama da ciwon hanta nau'in C fiye da kusan kowace ƙasa, kuma babban tushensa shi ne gangamin alluran tsargiya da aka yi shekaru da dama a ƙauyuka da sirinjin gilashi da ake maimaitawa.

Mu dai muna da wata irin soyayya da allura. Majinyaci yakan fito daga asibiti yana ganin ba a duba shi ba in ƙwaya kawai aka ba shi. Ban san labarina ya zaga unguwa ba sai da maƙwabciyata ta yi sallama wata yamma da 'yar kwalba a hannu.

"Anti, an ce kin iya allura. Don Allah ki taimaka ki yi mini wannan, kasala ce ta dame ni."

Na karɓa na duba, ruwan rawayan nan ne, ba takarda, ba gwaji. Na ce mata, "Ki yi haƙuri, cinyata kaɗai aka koya mini, da magani ɗaya." Na ba ta labarin maganin ƙarin jinin da ya ɓata mini lokaci, na ce kasala tana iya zama ƙarancin ƙarfe a jini, ko suga, ko maƙoƙo, ko rashin barcin mai goyo, kuma allurar bitamin ba ta ƙara wa wanda bai rasa shi ba komai. Ta tafi ba ta ji daɗi ba. Mun fi wata muna gaisuwa sama-sama.

Ni ma ba tsira na yi daga wauta ba. A shekara ta biyu na ji garau, aiki ya yi yawa, azumi ya zo, na ce bari in bari sai bayan salla, alhali ba abin da ya hana ni yi bayan shan ruwa. Bayan salla na ce sai na dawo daga tafiya. Wata biyu suka zama biyar. Kiyashin nan suka dawo tafin ƙafata wani dare, kuma sai da na koma wurin likita da kunya ya sake tsara mini alluran kusa da kusa. Wannan shi ne haɗarin yi a gida da ban hango ba: a asibiti akwai kati da ranar dawowa da wanda zai tambaye ka, a gida kuwa babu. Yanzu ranar tana cikin wayata da ta maigidana, kuma ina zuwa asibiti sau ɗaya a shekara ko da lafiyata ƙalau, domin masu irin ciwona ana sa musu ido a kan tumbi da maƙoƙo.

Kalmomina sun dawo, gajiyar ta tafi, ina tafiya cikin duhu ba tare da dafa bango ba. Yatsu biyu na ƙafar hagu ne ba su dawo ba, in na taɓa su kamar ta cikin safa nake ji.

Umma ta zo mana kwana biyu a watan jiya, ranar allurar ta faɗo tana nan. Wannan karon ta zauna a kan kujera, ta kau da kai lokacin da na soka, amma ita ta miƙo mini audugar. Da na jefa allurar a jarka ta ce in nuna mata wurin da hannu. Na ɗora tafin hannuna a saman gwiwarta, ɗaya a sama, na nuna mata filin da ke tsakani. Ta yi shiru tana kallonsa, sannan ta ce in rubuta mata sunan gwajin a takarda, domin ƙanwarta ta shekara goma tana shan maganin suga kuma kwanan nan tana kukan ƙafa.